Godiya bayan kare kundin digirina na biyu

Alhamdu lillahi. Jiya na kare kundin digirina na biyu a sashen Fiziks na jami'ar Aliero, kuma malamai sun amince da aikin.

Ga masu tambaya, binciken a kan ƙarfen tutiya ne, wanda ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa. Ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa ba a tsaye suke cik ba, kullum karkarwa suke yi a mazauninsu. Zafi na ƙaruwa, karkarwar na ƙaruwa, har ƙarfen ya narke a digiri 419.5 na ma'aunin Celsius. Lissafin wannan karkarwa na yi a kwamfuta.

Malam, kai ka duba aikin nan, kuma ban san da bakin da zan gode maka ba. Wata da watanni ina fitar da rassa shida na karkarwar, wato salo shida da ƙwayoyin ke karkarwa, amma sun ƙi dacewa da awon da masana suka yi da nutiron, ɗaya daga cikin ƙananan ɓangarorin ƙwayar zarra. Sai da na yi niyyar ajiye karatun. Ka kira ni gida ranar wata Asabar, ka baza takarduna a kan tabarma, ka bi su layi-layi da jan biro, har ka tsaya a kan lamba ɗaya: 1.633. Ƙwayoyin tutiya a jere suke hawa-hawa, kowane hawa kamar saƙar zuma, kuma idan aka raba tsayin ginin da faɗinsa, wannan lambar ake samu a cikakken tsari irin na littafi. Ita na sa a lissafina, alhali ita tutiya tata 1.856 ce. Hawayenta sun yi nisa da juna, shi ya sa ƙwayoyin suka fi sakewa su yi motsi sama da ƙasa, kuma in ta ji zafi miƙewarta ta wannan fuskar ta ninka ta gefe fiye da sau huɗu. Ba ka yi mini faɗa ba ranar, sai ma ka sa aka kawo mini fura. Allah ya saka da Aljanna.

Inna, kuɗin tumakinki biyu ne suka sayi kwamfutar. Yaya, na gode da man janareta. Abokan ajinmu da muka riƙa kwana a ɗakin karatu cikin zafin Afrilu, Allah ya bar zumunci.

Baba kafinta ne, ya yi rufin gidaje da yawa a Jega. Ina yaro nakan riƙe masa kusoshi, in ji kwano na ƙas-ƙas da tsakar rana, in tambaye shi dalili, ya ce mini zafi ne ke miƙar da shi. Ya rasu ina shekarar farko ta wannan karatu. Duk wanda ya karanta saƙon nan, don Allah ya sa shi a addu'a. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.