Asabar: faɗan gidan Big Brother ya shigo shagonmu

Tun ƙarfe tara nake gaban kwamfuta ina tace bidiyon wani biki da muka ɗauka a Unguwar Rimi. Wuni guda kyamara tana aiki, uwar amarya kuma abin da bai wuce minti arba'in ba take so. Ana kiran azahar aka ɗauke wuta, janareta ba mai, yaron shago ya tafi da jarka. Muka idar da salla muka zauna zaman jira, ni da Oga.

A nan ƙanwata ta iso da kular abinci, idonta a kan waya, tana dariya ita kaɗai. Na leƙa. Tsohon faɗan Tacha da Mercy ne na Big Brother Naija, na 2019, wani ya sake ɗora shi a TikTok.

Oga ya ce, "Ikon Allah! Shekara nawa da wannan rigima, har yanzu ana kallo? To ka gani, Malam, faɗa shi ne jarin shirin nan. Cire shi, ko kyauta ba mai kunna tashar."

Ƙanwata ta ce a'a, ita soyayyar cikin gidan take bi. Ba wanda ya kula ta, don abin da ke hannunta ya riga ya ƙaryata ta.

Ban musa wa Oga gaba ɗaya ba. Tun da aka ƙirƙiro shirin a Holland a 1999, tsarinsa na tunzura mutane ne. A tara baƙin juna a gida ɗaya, ba waya, ba labarin waje, a ƙayyade musu abinci. A kira kowa ɗakin sirri ya ambaci wanda yake so a kora. A namu na Najeriya, daren Asabar a kawo kiɗa da barasa, ranar Lahadi kuma Ebuka, mai gabatar da shirin, ya tsaya a gaban duniya ya tambayi wani, "Me ka ce game da wance ranar Laraba?" alhali wancen tana zaune kusa da shi. Ko waliyyai aka zuba a haka sai an ji kansu. Masu shirin suna hana duka, har su kori wanda ya kai hannu, amma duk abin da ke kai mutum bakin dukan su suka tanada.

Inda na fi ganin gaskiyar Oga a wajen yanka bidiyo ne, don sana'ata ce. Tashar tana nuna gidan dare da rana, kuma mafi yawan lokacin barci ake yi, ko wanki, ko dafa Indomie. Wa zai tura wa abokinsa wannan? Abin da ke fitowa waya shi ne daƙiƙa talatin ɗin da aka ɗaga murya. A bikin da nake tacewa ma akwai inda wasu gwaggwanni biyu suka yi cacar baki a kan kujerun gaba. Na cire, don da na bari, ba mai tuna kayan amarya. Ni ana biyana in ɓoye irin wannan, su kuwa ana biyansu su nemo shi.

A gidanmu ba a kunna shirin a falo. Baba ba zai lamunta ba, kuma ban ga laifinsa ba, akwai abubuwan da ba ka so ƙannenka su gani. Amma duk da haka ƙanwata ta san wa ya zagi wa a kowace shekara. Ba tashar ce ta kawo mata ba, guntayen faɗan ne suka tsallako katanga ta waya.

Sai na ce wa Oga, "Ranka ya daɗe, mu ƙirga waɗanda suka tafi da kuɗin gasar mana." A 2018 ba wadda aka yi maganarta kamar Cee-C, musamman ranar da ta wanke Tobi tas, amma ta biyu ta zo, Miracle ya ci. Tacha kuwa an kore ta saura 'yan kwanaki a rufe gida. A 2020 Erica ta zazzaga wa Laycon zagi bayan casun Asabar, shi ko uffan, aka kore ta, ya lashe kyautar da ta kai naira miliyan 85 da kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'u. Whitemoney a 2021 da tukunya ya shiga zuciyar mutane, kuma lokacin da Pere ya raba shi da kicin, sai tausayinsa ya ƙaru. A 2023 Ike ya watsar wa Ilebaye kayan sawarta a hanyar banɗaki, ƙarshe ita ta ɗauki miliyan 120.

Abin da nake gani shi ne, mai kallo yana son faɗan, amma ba ya son ya ɗauki kansa mai son faɗa. Sai ya sha kallonsa ya ƙoshi, sannan ya ba wanda aka zalunta ƙuri'arsa, ya kwanta da sanyin zuciya cewa ya tsaya wa mai gaskiya. Riba biyu ke nan ga masu shirin: mafaɗaci ya tara musu jama'a, wanda aka ci wa mutunci ya sa jama'ar ta yi zaɓe. Mafaɗacin kuma ya fito ya tarar ana tsine masa a intanet, ko da yake wasunsu da sunan nan suka samu tallace-tallace.

Ƙanwata ta ajiye waya ta ce, "Yaya, to Phyna fa? A 2022 akwai wanda ya kai ta baki? Ba ita ta ci miliyan 100 ba? Mercy ma da ta ci a 2019 ai ba shiru ta yi wa Tacha ba."

Oga ya fashe da dariya har da buga tebur. Na ce waɗannan biyun mutane sun ɗauke su masu ramawa ne, ba masu tsokana ba, kuma wanda ya yanka bidiyon shi ke nuna maka wa ya fara. Ta ce wannan kame-kame ne. Oga ya goya mata baya, ina jin don tuwon da ta kawo har da rabonsa.

Sai bayan la'asar yaron ya dawo, wai layi ya tarar a gidan mai. Na ƙarasa rabin aikin kafin magariba. Uwar amarya ta kira sau biyu, na ce mata Talata in Allah ya yarda. Gobe akwai suna a Kawo da sassafe, batura biyu ba caji, kuma har yanzu ba a dawo da wuta ba.