Yadda na horar da dukushina har ya ɗauki mahayi

Yana da shekara biyu da rabi ya zo hannuna, jan dukushi mai farin goshi, bai san komai ba sai ragama. A ido ya cika doki, ƙirji a buɗe, ƙafafu dogaye, duk wanda ya gan shi sai ya ce me nake jira. Ni ma raina ya biya. Baba, dattijon da na koyi riƙon doki a hannunsa, shi ne ya hana ni. Ya dafa gadon bayan dukushin ya ce, "Yaro, tsayi kake gani. Ƙashin nan bai ƙosa ba." Daga baya likitan dabbobi ya ƙara min bayani. Ƙasusuwan ƙafa ke fara ƙosawa, daga ƙasa zuwa sama, na gwiwa wajen shekara 2, amma ƙashin baya, inda mahayi zai zauna, sai doki ya kai shekara 5 zuwa 6. Don haka na bari sai da ya haura shekara 3 kafin in ɗora masa nauyina, ko a nan ma kaɗan-kaɗan.

Watannin jiran nan a ƙasa na yi aikinsu. Kullum sai na shafa shi tun daga kunne har gindin wutsiya, in bi ƙarƙashin ciki inda majayi zai zauna, in ɗaga kofato huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ba na wuce minti 15 zuwa 20, domin hankalin dukushi kamar na yaro ne, da ya gaji ba ya ƙara ɗaukar komai.

Abin da ya fi ba ni wuyar ganewa shi ne doki a wajen saki yake koyo. Ina jan ragama don ya biyo ni, ya turje, in ƙara ja, ya ƙara turjewa. Baba ya karɓi igiyar ya ja kaɗan, ya tsaya yana jira. Dukushin na motsa ƙafa ɗaya gaba, nan take ya sassauta. Sau uku ya yi haka, a na huɗu yatsa biyu suka isa. Ashe ni ko ya matso ba na saki, to ta yaya zai san ya yi daidai? Dabbar da take jin saukar ƙuda a fatarta ba ta buƙatar a fizge ta. Da wannan na koya masa tsayawa, da ja da baya, da kaucewa gefe idan na danna haƙarƙarinsa daidai inda dunduniyar mahayi za ta taɓa.

Kuma duk abin da ya koya ta hagu sai na sake koya masa ta dama, kamar ba a taɓa yi ba. Idanun doki a gefen kai suke, kowane da abin da yake gani, ba ya kuma ganin daf da goshinsa ko daidai bayansa. Bargon da ya yarda da shi ta hagu, ranar da na zo da shi ta dama sai da ya zabura.

Kafin linzami na sa an duba bakinsa. Tsakanin shekara biyu da rabi zuwa huɗu da rabi doki na famfara, dasashi na ciwo. Wasu kuma suna da wani ɗan ƙaramin haƙori a gaban turame, kusa da giɓin da ƙarfen linzami ke zama, idan ƙarfen ya buge shi sai doki ya yi ta girgiza kai a ce taurin kai ne. Nawa yana da shi, aka cire, na jira wurin ya warke.

A wajen sirdi ne na yi ɓarna, kuma har yau tana ci min rai. Ya saba da bargo, ya shinshina sirdin, na ɗora masa ya tsaya cak. Ganin haka sai na ja majayi na ɗaure tamau lokaci guda. Ya ƙame, ya riƙe numfashi, yana taku ɗaya ya ji abu ya shaƙe masa ƙirji, sai tutsu. Ya yi ta harbin iska har sirdin ya zame ƙarƙashin cikinsa, ya ƙara firgita. Allah Ya kiyaye bai ji rauni ba. Amma mako uku cur, ko majayin ya hango a hannuna sai jikinsa ya ɗau rawa. Dole na koma farko: igiya mai laushi a ƙirji, in matsa kaɗan in saki, sannan majayi a sassauce, in zaga da shi, in ƙara rami ɗaya, in sake zagawa. Gaggawar minti ɗaya ce ta jawo masa wannan tsoron.

Hawan ma ban yi shi rana ɗaya ba. Doki dabba ce da namun daji ke farauta, abin da ya bayyana a samansa ta baya yana tayar masa da hankali. Na fara da tsayawa a kan kututture kusa da shi, don ya saba ganina sama da kansa. Sai na riƙa sa ƙafa a likkafa in danna in cire. Sai kwanciya da ciki a kan sirdi, ƙafafuna duka a gefe ɗaya yadda zan iya zamewa ƙasa. Ba na ƙara mataki sai na ga alamun natsuwa: ya sunkuyar da kai, ya lashi leɓe yana taune-taune, ya furzar da numfashi.

Ranar da na ƙetara ƙafa na zauna, Baba ne riƙe da ragama. Na ji bayansa ya ɗan ƙame a ƙarƙashina, kunnuwansa biyu suka juyo wajena. Na shafa gezarsa ina yi masa magana da muryar da ya sani. Baba ya ja shi taku goma, tafiyar na ɗan tangaɗi don bai saba daidaita kansa da nauyi ba, sannan ya tsayar. Na ce, "Baba, mu ƙara zagaye ɗaya mana." Ya ce, "Sauka tun yana cikin daɗi." Na sauka.

Yanzu yana da shekara 5, yana tafiya yana sassarfa yana sukuwa da ɗan motsin ƙafa. Sai dai har gobe idan na kai hannu ga majayi yakan waiwayo ya dube ni, ni kuma in tsaya sai ya sauke numfashi, sannan in ja rami ɗaya.