Godiya Ga Allah Da Jama'ar Aboabo: Kotu Ta Wanke Ƙanena

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Alhamdu lillahi, jiya alƙali ya sallami ƙanena kuma ya wanke shi. Wata 11 muna jelen kotu a unguwar Adum da ke birnin Kumasi kan zargin cewa ya karɓi wayar sata a rumfarsa ta gyaran waya. Sai daren jiya Inna ta yi barci har asuba.

Ranar da aka kama shi ba mu san gabas ba, ba mu san yamma ba. Wani yaron unguwarmu mai karatun lauya ne ya zaunar da ni a ƙofar masallaci, ya ce tsarin mulkin Ghana na 1992 bai yarda a tsare mutum fiye da awa 48 ba a kai shi gaban alƙali ba, kuma tun 2016 Kotun Ƙoli ta ce babu laifin da doka za ta hana a nemi beli a kansa. Ɗana, Allah Ya yi maka albarka.

Da aka karanta tuhuma ƙanena ya ce bai aikata ba, sai alƙali ya ba da beli da sharaɗin mutum biyu su tsaya masa, ɗaya da takardar gida. A nan jikina ya mutu. Wa zai ɗauki gidansa ya jingina don ɗan wani? Washegari da sassafe sai ga Kawu da takardar a naɗe cikin leda baƙa, ta gidan da ya gina da gumin fataucin goro na shekaru. Hannunsa na rawa ya miƙa wa magatakarda. Ko sau ɗaya bai tambaye mu "in ya gudu fa?" ba. Kawu, ba ni da bakin gode maka.

Abin da ya fi cin rai shi ne ɗage zama. A je tun safe, a kira ƙara, shaida bai zo ba, a sa wata rana. Amma ban taɓa waiwayawa na ga bencinmu babu kowa ba. Mata sun bar tallan koko da ƙosai, samari sun rufe rumfuna, Liman da ciwon gwiwarsa ya hau tirotiro, wato motar haya. Na gode wa tafinta ma, da ya riƙa mayar da Turancin kotu zuwa Hausa dalla-dalla.

Lauyanmu ya yi aiki tsakani da Allah. Ya nemi mai gabatar da ƙara ya ba shi duk takardun da za a kafa hujja da su, domin tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 wannan haƙƙin wanda ake tuhuma ne. A ciki ya gano lambar jikin wayar da aka sace daban take da ta wadda aka ɗauka a rumfar. Ya tambayi ɗan sanda mai bincike a gaban kowa, ya amsa cewa haka ne. Da suka gama kawo shaidunsu, lauya ya roƙi kotu ta ce babu abin da ƙanena zai kare kansa a kai, kuma ta amince. Ko shiga akwatin shaida bai yi ba.

Waɗanda suka turo kuɗi ta MoMo, wato ta wayar hannu, da masu saukar Alƙur'ani dominsa, Allah Ya saka da alheri, Ya raba ku da tsayuwa gaban alƙali. Za mu yi addu'ar godiya ranar Juma'a bayan La'asar a gidan Inna, kowa ya zo.