Na bi sawun rundunar Napoliyon da lissafin guzuri

Aikin da na ɗora wa kaina shi ne in shimfiɗa taswira in bi rundunar Faransa zango-zango a janyewarta daga Mosko a 1812, kamar ni aka damƙa wa kula da guzurinta. A kowane zango sai in tambayi abin da soja zai ci, abin da doki zai ci, da wanda zai tsaya a kan rabo.

Tun kafin in kai ga dusar ƙanƙara lissafin ya ƙi fita. Napoliyon, sarkin Faransa, ya shiga Mosko ranar 14 ga Satumba, ya yi mako biyar yana jiran Sarkin Rasha Alexander ya nemi sulhu, sai 19 ga Oktoba ya fita da mutum wajen 100,000, amalanke cike da ganima. Bayan gumurzu da Rashawa a garin Maloyaroslavets ya fasa bin hanyar kudu mai abinci, ya koma tsohuwar hanyar da rundunarsa ta riga ta cinye ƙurmus a zuwa. Nan na ajiye fensir na daɗe ina kallon taswirar. Duk ƙauyen da na ɗora yatsa a kai, ba hatsi, ba harawa.

Dawakai suka fi ba ni ciwon kai. Yawancinsu ba a yi musu takalmin ƙarfe mai ƙusoshin kama ƙanƙara ba, ga yunwa. Caulaincourt, mai kula da bargar Napoliyon, ya sa an yi wa nasa tun da wuri, kuma hakan ya yi rana. Doki in ya zame ya kasa tashi, igwa ta tsaya, amalanken gari ma ya tsaya, ba a jimawa sai a yanka shi a ci. Duk dokin da na soke a takarda, sai na soke buhunan da yake ja.

Abin da ya fi cin rai, abincin yana nan. A Smolensk akwai sito, amma aka fara ba dakarun fadar Napoliyon, saura suka yi wawaso, abin da zai kai kwanaki ya ƙare nan da nan. Minsk da tarin kayanta ta faɗa hannun Rashawa ranar 16 ga Nuwamba. A Orsha kuwa Napoliyon ya ce a ƙone kayan gadar tafi-da-gidanka don a samu dawakan jan igwa. Janar Eblé, shugaban masu kafa gada, ya yi dabara ya tsirar da maƙera, gawayi da kayan aiki. Da su mutanensa suka shiga ruwan kogin Berezina mai ƙanƙara har kafaɗa suka kafa gadoji biyu, don sanyin ya ɗan sassauta, kogin bai daskare ba. Kaɗan ne cikinsu suka rayu.

Daga nan na daina ƙirga buhu, na koma duba wanda ake jin maganarsa a kowane zango. Ney, kwamandan dakarun da ke tsaron bayan runduna, yana baya da bindiga a hannu cikin sojojinsa, shi ya sa ragowarsu suka bi shi har suka tsallake kogin Dnieper a kan ƙanƙara, tun kafin a kai Berezina. Napoliyon ya bar rundunar a Smorgon ranar 5 ga Disamba ya miƙa wa Murat, kwamandan mahaya dawakinsa, jarumi a fagen daga amma ba mai haƙurin tsari ba. Suka isa Vilna, sito cike da gari da nama, masu tsaro suna neman takardar izini daga mutanen da ba su da sauran kwamanda, Murat kuma ya ba da umarnin barin garin tun kafin a yi rabo.