Abin da aikin lissafi ke koyarwa game da sayar da bashin abokan ciniki

A Yamai, ɗan kasuwar da ya kai wa kamfani kaya yakan jira wata uku kafin a biya shi, shi kuwa yana da albashin ma'aikata da kuɗin duwan a wuyansa. Shi ya sa wasu ke sayar da faktir, takardar kuɗin kayan da suke bi, ga banki ko kamfanin sayen bashi, wato afakturaj. Karɓar kuɗin ba shi da wuya, rubuta shi a littafi ne ke kayar da kontabul da yawa.

A ɗauki faktir na sefa 11,900,000, wato kaya na miliyan 10 da TVA, harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, na kashi 19. A ce mai sayen bashin ya riƙe kashi 10 a matsayin jingina, 1,190,000 ke nan. Ladansa kashi 1, wato 119,000. Ruwan kuɗin da ya bayar tun da wuri, kashi 10 a shekara na kwana 90 a kan 10,710,000, ya kama 267,750. Abin da zai faɗa asusun banki 10,323,250 ne.

A SYSCOHADA, tsarin rubuta lissafin kamfanoni, da aka gyara, wanda ya soma aiki ranar 1 ga Janairun 2018, ana fitar da 11,900,000 gaba ɗaya daga asusu mai lamba 411, na abokan ciniki, zuwa 4716, na mai sayen bashin. Daga nan a rarraba: kuɗin da suka shigo a 521, asusun banki, lada a 6314, ruwa a 6745, jingina a 4717.

Jinginar nan ce ta fi ba da wahala. Wasu na ganin kuɗin ba su iso ba sai su zuba su cikin kuɗin da aka kashe, ribar shekara ta ragu a banza. Alhali haƙƙin kamfani ne, za a maido su idan abokin ciniki ya biya. Daga cikinsu ake cire kuɗin kayan da aka mayar ko rangwamen da aka yi daga baya, saboda haka duk wata sai an gwada 4717 da takardar da mai sayen bashin ya aiko, faktir bayan faktir. In an bari wata shida, ba wanda zai iya warware zaren.

Kafin a rubuta komai, a karanta yarjejeniyar: in abokin ciniki ya kasa biya, wa zai ɗauki asara? Idan mai sayen bashin na da ikon dawowa kan mai sayarwa, hatsarin bai bar gida ba. Dole a faɗe shi a bayanan da ke rakiyar bilan, wato takardar da ke nuna dukiyar kamfani da basussukansa, a kuma ware tanadi da zarar an ga alamar biyan zai gagara. Ɓoye wannan yaudarar masu hannun jari ne, a ganina.

Sayar da bashi ba ya sauke TVA, yana nan a kan wanda ya fitar da faktir. Haka kuma ruwan da ya tsallaka 31 ga Disamba, rabonsa na shekara mai zuwa yana zuwa 476, asusun abin da aka biya tun kafin lokacinsa.

Wani abin da ke yawan faruwa: abokin ciniki ya saba, sai ya biya tsohon asusun mai kaya ko ya aiko da cak hannu da hannu. Kuɗin nan na mai sayen bashin ne. A rubuta su a kiredin 4716, a tura masa nan take, kuma tun farko a buga hatimi a kan kowane faktir mai nuna sabon asusun da za a biya.