Yadda Za a Haɗa Dattawanmu Masu Ritaya da Ɗaliban Jami'a a Legas

Har zuwa Disambar 1991 Legas ce babban birnin tarayya, shi ya sa 'yan Arewa da yawa suka yi rayuwar aikinsu a nan: a Kwastan, a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, a hedikwatar reluwe da ke Ebute Metta, a bankuna, a barikin soja na Ikeja. Da suka cika shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki, wasu sun koma gida, wasu kuwa sun riga sun yi gini a Agege ko Idi-Araba ko Ojo, suna nan tare da mu. A unguwannin nan kuma akwai yaranmu da ke karatu a UNILAG da LASU da Yabatech, da dama cikinsu su ne na farko a gidansu da suka shiga babbar makaranta. Mahaifin da ke sayar da tumatir a Mile 12 zai biya kuɗin makaranta da guminsa, amma ba zai iya gaya wa ɗansa inda ake neman gurbin koyon aiki ba. Dattijon da suke sahu ɗaya da shi a masallaci ya sani. Haɗa su ne kawai ba a yi ba.

Wanda zai haɗa ya zama na uku, kamar kwamitin masallaci, ko ƙungiyar ɗalibai, ko wani da fadar Sarkin Hausawa ta wakilta. Amfaninsa shi ne idan abu ya ƙi, akwai wanda zai raba su ba tare da an ji kunya ba. A haɗa bisa fanni, ba bisa garin asali ba. Tsohon akanta ya ɗauki mai karanta akanta ko tattalin arziki, tsohon injiniyan reluwe ya ɗauki mai karanta injiniyanci, Hajiyar da ta yi aikin jinya a asibitin koyarwa na LUTH ta ɗauki 'yan matan da ke fannin lafiya. Dattijo ɗaya kada ya wuce ɗalibai biyu, iyaka uku. Idan suka kai goma ya zama lakca, lakca kuwa sun ƙoshi da ita a makaranta.

Zama sau ɗaya a mako biyu ya isa, na awa ɗaya, a tsayayyen wuri da kowa ke gani: harabar masallaci bayan La'asar ranar Asabar, ko falon gida iyali na nan. Ɗalibin ne zai je. A yi la'akari da hanya tun farko, domin cunkoson Legas ya kashe shirye-shirye masu kyau da yawa. Daga Agege zuwa Yaba yanzu akwai jirgin ƙasa na Red Line, amma ɗalibin LASU da ke Ojo idan aka haɗa shi da dattijon Ikorodu, zama biyu za a yi a daina. A yanka wa'adi, zangon karatu ɗaya. In ya ƙare kowa ya faɗi ko za a ci gaba.

Zaman farko shi ne mafi muhimmanci, kuma nan ake yawan ɓata abin. Tarbiyyarmu ba ta bar yaro ya yi ta jefa wa babba tambaya ba. Zai durƙusa ya gaida, ya sunkuyar da kai, komai aka ce ya amsa da “To, Baba.” Dattijo ya yi ta magana awa guda, ya ɗauka an fahimta, alhali yaron yana da darasi biyu da ya faɗi bai gaya wa kowa ba. Maganin wannan shi ne takarda. Ɗalibi ya zo da sakamakonsa na duk zangunan da ya yi, da fom ɗin darussan da ya yi wa rajista, da kalandar makaranta. Dattijo ya buɗe da tambaya mai amsa guda: “Ɗana, makinka nawa yanzu? Wane darasi ne ya fi ba ka wuya?” A tsarin maki biyar, 4.50 zuwa sama shi ne daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 ita ce ta biyu babba, wadda bankuna da manyan kamfanoni suka fi nema. Mai 3.30 a aji biyu yana da damar haurawa. Mai 3.30 a zangon ƙarshe kuwa da wuya ƙwarai ya haura, sai a koma maganar jarrabawar ƙwarewa irin ta ƙungiyar akantoci ta ICAN ko wata sana'ar da zai riƙe. Shawarar da za a ba waɗannan biyu ba ɗaya ba ce, kuma ba za a sani ba sai an ga takardar.

Inda tsohon ma'aikaci ya fi amfani, a ganina, shi ne SIWES, wato koyon aiki a masana'anta da hukumar ITF ke kula da shi. A jami'a yawanci wata shida ne, a aji uku ko huɗu gwargwadon kwas. Ɗalibai da yawa sai saura mako biyu suke fara yawo da wasiƙa daga Ikeja zuwa Apapa, daga ƙarshe su karɓi duk inda aka samu, su ƙare wata shida suna sayo wa ma'aikata abinci. A fara nema wata uku kafin lokaci. Dattijo ya zauna da yaron su fitar da wurare biyar da aikinsu ya dace da karatunsa, ya duba wasiƙar, ya nuna masa sashen da ake kai ta da yadda ake bibiya ba tare da an gundure mutane ba. In an fara, ya riƙa duba littafin da ɗalibi ke rubuta aikin kullum a ciki. “Na taimaka a wurin gyara” ba bayani ba ne. Wace na'ura, me ya lalace, da me aka auna, wa ya sa hannu? Wanda ya shekara talatin yana rubuta rahoto zai koyar da wannan a zama biyu. Haka ma aikin binciken kammala karatu: tsohon jami'in Kwastan ya san matsalolin fiton kaya na zahiri da za su zama maudu'i mai nama, amma ya tuna malamin da ke duba aikin shi ne mai magana ta ƙarshe.

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne a kan halin mutane da zaman ofis da riƙon amana. Ban da hanyar neman aiki, wadda ta canja. Wanda aka ɗauka aiki a 1985 da wasiƙar hannu zai iya cewa a buga CV mai shafi huɗu a bi ofis-ofis, alhali yanzu ta intanet ake cikewa, a yi jarrabawa a kwamfuta, wasu wuraren kuma da iyakar shekaru. Dattijo ya riƙa cewa “a zamaninmu haka ne, bincika mana yadda yake yanzu.” Wannan ba ya rage masa girma.

Shi ma ɗalibi yana da abin bayarwa. Ya nuna wa Baba yadda ake amfani da manhajar banki, da duba asusun fansho, da tantancewar da hukumar fansho ta PTAD ke yi ta waya ga waɗanda ke tsohon tsarin fansho, da gane saƙon 'yan damfara. Amma wayar ta zauna a hannun mai ita. Ɗalibi kada ya san lambar sirri, ko BVN, ko lambar da banki ke turowa. Ranar da kuɗi suka ɓata, ko ba shi ya taɓa ba, shi za a fara kallo.

Maganar kuɗi a gama ta tun ranar farko a gaban mai haɗawa. Ɗan fansho ba mai ɗaukar nauyin karatu ba ne, wani ma watansa bai kai shi ƙarshe. Mai buƙata a nuna masa bashin karatu na NELFUND ko tallafin jiharsa. Kada dattijo ya yi alkawarin aiki, domin abokan aikinsa su ma yawanci sun yi ritaya. Kada kuma ɗalibi ya koma ɗan aike. Kai saƙo sau ɗaya ladabi ne, amma in zuwa kasuwa ya cinye awar zaman, mai haɗawa ya sa baki. Sai batun tsayawa mutum, wanda kamfanonin Legas ke yawan nema kafin su ɗauki ma'aikaci. Wasiƙar shaidar hali daban, fom ɗin garanto daban: na biyun yana iya ɗora wa mai sa hannu biyan asarar da ma'aikaci ya jawo. Dattijo ya karanta kowane layi, kuma yana da damar ya ce a'a ko da yaron ya shekara yana zuwa wurinsa.