Ƙoramar Tannbach da ƙauyen da aka raba gida biyu

Da na tsaya a bakin ƙoramar Tannbach, abin da ya fara zo mini a rai shi ne ƙanƙantarta. Yaro ɗan firamare ma zai tsallake ta da tsalle ɗaya. A damina, kwatar bayan gidanmu a Daura ta fi ta ruwa. Amma wannan 'yar ƙoramar ce ta zama iyakar Jamus ta Gabas da Jamus ta Yamma har shekara 40, ta ratsa tsakiyar ƙauyen Mödlareuth, wanda mutanensa ba su wuce 50 ba.

Ina karatu a Bayreuth lokacin. Wata Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Hof da kekena, daga can na tuƙa zuwa arewa ta cikin gonaki da tuddai. Na yi kuskure biyu tun kafin in isa: ban ɗauki guzuri ba, kuma na raina tudun hanya. Ƙauyen ba shi da kanti. Duk mai niyyar zuwa ya riƙe abincinsa da ruwansa, in kuma bas zai bi, ya san lokacin dawowarta tun daga gida, domin ba ta yawan zuwa, musamman a ƙarshen mako.

Na zo ne don in ga katanga, kamar kowa. Sojojin Amurka ne suka laƙaba wa wurin suna “Ƙaramar Berlin” saboda ita. An gina ta a 1966, ta kankare, tsawonta mita 700, tsayinta ya haura mita 3. Yanzu guntunta ne ya rage, an shafe shi da farin fenti, yana cikin filin gidan tarihin ƙauyen tare da hasumiyar masu gadi, da shingayen ƙarfe, da fitilu, har da tsohuwar tankar yaƙin Sobiyet a gefen wurin ajiye motoci. Na zagaya, na ɗauki hoto, na kalli ɗan fim ɗin da suke nunawa. Duk wannan bai kai awa biyu ba, kuma da nan na juya, da na koma Bayreuth ban fahimci komai ba.

Wani dutse ne ya tsayar da ni. Ɗan gajere ne, ya sha gansakuka, a gefen ruwa. A fuska ɗaya an sassaƙa KB, a ɗaya fuskar FR. Wato masarautar Bavariya a nan, masarautar Reuss a can. Tun 1810 aka kafa waɗannan duwatsun. Ashe iyakar ta girmi katangar da fiye da shekara 150, kuma har zuwa 1945 ba ta hana kowa komai ba. A wancan zamanin, makarantar ƙauyen ɗaya ce, tana ɓangaren Reuss, wato Turingiya ta yau, haka ma gidan cin abinci da hira. Ranar Lahadi kuwa duka ɓangarorin biyu suna tafiya coci a Töpen, ta ɓangaren Bavariya. Ana auratayya, ana noma tare, ana binne mamaci tare. Na durƙusa na taɓa haruffan da yatsa, na daɗe a wurin.

Dalilin daɗewar tawa a gida yake. Inna 'yar Matamaye ce, ta ƙasar Damagaram, aure ya kawo ta Daura. Mun taso muna bi ta Kwangwalam zuwa biki da suna da ta'aziyya, ba mu taɓa jin cewa wata ƙasa muka shiga ba sai in an zo canjin kuɗi. Sai da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, na ga yadda layin da muka saba takawa yake iya zama abin da zai hana uwa ganin 'yar'uwarta. Ba na cewa abin namu ya kai nasu. A wajenmu ba a kafa katanga ba, kuma hanyoyin daji ba su taɓa mutuwa ba. Amma na san ɗanɗanon abin.

Nasu ya zo ne a hankali. Bayan yaƙin duniya na biyu a 1945, Turingiya ta faɗa hannun Sobiyet, Bavariya kuma hannun Amurka. Da farko ana tsallakawa da takardar izini. A 1952 aka rufe ƙofa gaba ɗaya, aka kafa shingen katako da ya fi mutum tsayi, aka fara kwashe iyalan da hukuma ba ta yarda da su ba zuwa cikin ƙasa. Mutanen gidan injin niƙa da ke bakin ƙoramar sun tsere zuwa Bavariya ana gab da kwashe su, daga baya aka rushe gidan. Shinge ya bi shinge har aka kai ga kankare. Ɓangaren gabas ya zama yankin da ba a shiga sai da izini na musamman, ko da kai ɗan ƙasar ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne an haramta wa mutanen gabas ɗaga hannu ko gaida na ƙetare. Ka hango ɗan'uwanka yana aiki a gonarsa, ka san shi, ka san uwarsa, amma dole ka sunkuyar da kai ka wuce. Ga Bahaushe, wanda zai iya shafe minti biyar yana gaisuwa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, wannan ba ƙaramin azaba ba ne. Mutum ɗaya ne aka sani ya haura katangar ya tsira, a 1973, da tsani.

Ko da katangar Berlin ta faɗi ranar 9 ga Nuwamba 1989, mutanen nan sai da suka ƙara jiran wata guda. Ranar 9 ga Disamba aka fasa musu 'yar ƙofa ta masu tafiya a ƙasa, sannan ranar 17 ga Yuni 1990 katafila ta ture mafi yawan katangar. Su da kansu suka ga dacewar a bar wani ɓangare don na baya.

Har yau ƙauyen yana ƙarƙashin jihohi biyu. Ɓangare ɗaya na ƙaramar hukumar Töpen ne, ɗayan na Gefell. Lambar gidan waya daban, lambar tarho daban, lambar mota ma daban: HO a nan, SOK a can. Hutun makarantar yara ba ya zuwa lokaci ɗaya. Amma gada a buɗe take, kaji da agwagwa suna yawonsu, kowa yana shiga gidan kowa.

A nan na yi kuskure na uku, wanda ya fi damuna. Na ɗaga waya zan ɗauki wani gida mai furanni a taga, sai na ga wata tsohuwa a lambun tana kallona. Ba ta ce komai ba. Na sauke wayar, kunya ta kama ni, domin na manta cewa wannan gidan mutane ne, ba kayan kallo ba, kuma dubban baƙi irina suna wucewa ta ƙofarta kowace shekara. Na ce mata “Grüß Gott”, gaisuwar mutanen Bavariya. Ta amsa, ta yi murmushi kaɗan, ta nuna mini da hannu inda tsohuwar hanyar sintirin sojoji ta bi. Tun daga ranar, duk ƙauyen da na shiga a ƙasar nan, gaisuwa nake fara yi kafin in taɓa waya.

Na bi hanyar da ta nuna mini, ina tura keke a kan falalen kankare masu ramuka da ciyawa ta cika. Inda aka hana mutum taka ƙafa kusan shekara 40, yanzu bishiyoyi da tsuntsaye ne suka gaje shi. Jamusawa suna kiran wannan zirin Grünes Band, wato koren ɗamara, kuma ya bi tsohuwar iyakar kusan kilomita 1,400. Na shimfiɗa rigar sanyina a kan ciyawa na yi azahar, yunwa tana cina, sannan na kira gida.

“Inna, ina wuni? Yaushe rabonki da Gwaggo ta Matamaye?”

Ta ce tun ƙaramar salla. Ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, zan turo kuɗin mota ranar Litinin, ta shirya ta je ta kwana biyu.